Ƙunshin Malama da Karatun da Ya Kai Ni Washington

Mun tashi da asubar fari daga Kano, ko ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba. Mu biyu ne, ni da wata abokiyar aikina, dukanmu nas ne a ɗakin masu ciwon daji. Maigidana ne ya kai mu tasha, yana tuƙi yana hamma, yana jaddada mini in sayo masa safa mai kauri, sai ka ce a Kano ake zubar da ƙanƙara. Tun da na dawo kuke tambayata labarin Amurka, wasunku kuma tsaraba. Tsaraba dai ta ƙare, labarin ne ya rage.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu, kada ku ɗauka yawon buɗe ido muka je. Akwai wata marar lafiyarmu, malamar firamare ce mai 'ya'ya biyu, a ɗakinmu kowa Malama yake ce mata. Sankarar jini ta kama ta, muka yi ta fama, daga ƙarshe dangi suka yi karo-karo aka kai ta Indiya, aka yi mata dashen ɓargo da aka ɗebo daga jikin yayanta. Aiki ya yi kyau. Sai dai zaman can ya fi ƙarfinsu, suka dawo da ita gida tun likitocin ba su so ba, da jakar magunguna, aka ce mu ci gaba da kula da ita.

Likitan jini ɗaya ne gare mu, shi ne a asibiti, shi ne a aji, shi ne a taro. Mu nas-nas mu ne muke ganin Malama duk mako, mu auna ta, mu tambaye ta, mu ce ta koma gida ko ta jira likita. Kuma kafin ita, babu wadda ta taɓa ganin mai dashen ɓargo da idonta a cikinmu. Na yi furfura a wannan aiki, amma idan wani abu ya fara lalacewa a jikin matar nan, ban san ta inda zai fara leƙowa ba. Shi ya sa da wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya 'yan arewa mazauna Amurka ta ce za ta ɗauki nauyin mutum biyu su je gajeren kwas kan matsalolin da ke biyo bayan dashe, ban tsaya yi wa kowa kara ba.

Hanyar Zariya ta yi kyau yanzu, har direbanmu ya manta da akwai birki. A Kwanar Dangora ya tsaya shan shayi, mu kuma muka sayi dafaffen ƙwai a hannun wata mata da ta rantse yanzu ta sauke shi, ga shi sanyi ƙalau. Daga Zariya zuwa Kaduna aka koma gidan jiya, nan kwalta nan ƙasa, a karkata ku hannun masu tahowa ku yi ta kallon-kallo da tireloli. A Kaduna muka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga can jirgin sama ya ɗauke mu zuwa Addis Ababa, muka sauya wani. Wannan na biyun kuwa sai da na yi barci na gaji, na farka, na sake yi, na duba allon gabana na ga har yanzu a kan ruwa muke. Abokiyar tafiyata ta cinye abincinta ta cinye nawa, domin ni da na buɗe na ga kaza ta kwanta cikin farar miya sai na rufe mata asiri.

A filin jirgin da muka sauka, can ɓangaren Virginia, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa sanye da riga ya zo ya zauna gaban jakar abokiyar tafiyata ya ƙi tashi. Kilishi ne ya tona ta. Aka karɓe shi cikin ladabi, har da godiya. Daddawar da na ƙulle a leda uku kuwa, jami'in ya buɗe ya sunsuna, ya yi sauri ya miƙo mini abata.

Wadda ta zo ɗaukarmu ita ce matsalata a wannan tafiya, gara in faɗa tun yanzu. Yarinya ce da ta zo ɗakinmu tana ɗaliba, shekarun baya. Idan za ta nemi jijiya hannunta har rawa yake yi, ni na riƙe shi na koya mata. Ranar da marar lafiya ya fara cikawa a gabanta, ni na fitar da ita baranda na ba ta ruwa. Daga baya ta yi aure ta bi miji Amurka. Na san ita ce mai masaukinmu, kuma na san tana aiki a sashen dashen ɓargo na wani babban asibiti. Da ta hango ni sai ta taho da sauri, ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ta gaishe ni. Da ta yi mini gaisuwar tsaye ma da na fi jin daɗi, da na samu abin riƙewa.

Ta ɗauko mu a wata doguwar mota mai kujera mai ɗumi. Titin da ya zagaye Washington faɗinsa ya isa a yi filin Idi, amma duk da haka gosulo ya kama mu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu mai danna ham, kowa ya zauna cikin motarsa yana haƙuri shi kaɗai. Lokacin kaka ne a can, ganyen bishiyoyi ya koma ja da rawaya, abokiyar tafiyata tana ta ɗaukar hoto ta gilashi. Muka wuce manyan rumbunan ajiyar kaya da motocin dakonsu, muka shiga Laurel, garin da suke zaune, tsakanin Washington da Baltimore.

Gidan ba wani babba ba ne, na faɗa wa kaina haka tun daga ƙofa. Na shiga ina neman aibu. Na shafa saman firij ban samu ƙura ba. Yaranta biyu suka zo suka ce "ina wuni" da kyau, sai da na ja su da hira suka koma Turanci, na ɗan ji sanyi a raina. Ta tuƙa mana tuwon shinkafa na gari da miyar kuka, na ce miyar tana son daddawa, ta ce ai shi ya sa take ta addu'ar Allah ya kawo ni lafiya. Mijinta, injiniya guda, ya kwashe kwanuka ya wanke yana ba mu labarin siyasar gida. Na tuna maigidana mai jiran safa.

Duk wannan ƙaramin ƙyashi ne, irin wanda mutum kan yi ya manta. Babban ya zo ne da muka zauna hira, na ga littattafai jibge a gefen kujera na tambaye ta ko na mijinta ne. Ta ce nata ne. Wai takardar ƙwarewarta tana da wa'adi, idan ba ta ci gaba da karatu ba za ta mutu a hannunta, don haka asibitinsu yake ba ta lokaci ta je kwas, har ya tambaye ta me kuma take so ta koya. Na zauna ina tuna kwas na ƙarshe da aka tura ni. Na wankin hannu ne, aka raba mana mitfai da lemo, aka ɗauki hoto. Ni da na koya wa yarinyar nan riƙe sirinji, ilimina yana nan inda ta bar ni da shi. Hassada na ji, ba wani abu ba, kuma ta kwana tare da ni a ɗakin baƙi.

Kowace safiya muna hawa jirgin ƙasa daga Laurel zuwa Washington. Mutanen ciki ba sa magana, kowa da kofin kofi a hannu kamar an ɗora musu shi wajibi. Daga babbar tasha mu shiga na ƙarƙashin ƙasa mu ɓullo a kudu maso yammacin birnin, unguwar ofisoshin gwamnati. Gine-gine ne manya masu launin toka, duk kamarsu ɗaya, sau biyu muna shiga wanda ba namu ba. Da rana motocin abinci suke jeruwa a bakin titi. Na tambayi kuɗin shinkafa da kaza, na juya shi zuwa naira a kaina, sai yunwar ta ce ta haƙura. Daga ranar muke tahowa da ɗumamen gida a roba.

Kwas ɗin kuwa ya biya wahalar tafiya. An nuna mana cewa ga mai dashe, ɗan zazzaɓin da muke cewa a sha farasitamol a kwanta, abin gudu asibiti ne. An ce a riƙa auna nauyinsa a kai a kai, domin idan ya ƙaru farat ɗaya ba ƙiba ba ce, wataƙila hanta ce ta fara toshewa. Aka yi maganar abinci, nonon da ba a dafa ba, ɗanyen ganye, ruwan da ba a san asalinsa ba. Aka yi maganar cunkoson masu dubiya. Ni kuwa ina zaune ina ganin falon su Malama, mata cike har bakin ƙofa, kowace da kwanon fura da addu'arta, kowace sai ta riƙe mata hannu.

Wata rana aka kai mu asibitin da mai masaukinmu take aiki. Kowane ɗaki ƙofa biyu gare shi, iskar ciki ma tacewa ake yi. Marasa lafiyar da nas ɗaya take kula da su ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, ni kuwa wani lokaci ɗaki guda nake riƙewa da nas biyu da fitilar waya. Muna tafe a baranda wani likita mai farin gashi ya tsayar da ita, ya tambaye ta ra'ayinta kan wani marar lafiya, ya tsaya yana sauraro har da gyaɗa kai. Abokiyar tafiyata ta taɓo ni ta ce, "Kin gani?" Na ce na gani, ai ba makauniya ba ce ni.

Ranar Alhamis aka ce darasin yamma shi ne mafi muhimmanci, kan abin da suke kira GVHD. Wato sabon ɓargon da aka dasa ya ƙi amincewa da jikin da aka kawo shi, ya ɗauke shi abokin gaba ya fara kai masa hari, a fata, a hanji, a hanta. Na gyara zama. Sai aka kira sunan mai koyarwa, na ga mai masaukinmu ta miƙe ta nufi gaba. Ba ta faɗa mini ba, wai kunya take ji. Ta fara da cewa malamarta ta farko tana cikin ɗakin nan, ta nuna ni, aka yi mini tafi. Na yi murmushin da ya tsaya a haƙora.

Ta fara nuna hotunan ƙuraje a allo, duk jar fata ce, sun yi jajawur. Na ce a raina wannan ba namu ba ne, a fatar Malama ina za a ga ja? Maimakon in saurara sai na koma kallon takalminta, da yadda Turanci yake zuba daga bakinta babu gargada, da yadda manyan mata suke rubuta abin da ta faɗa. Na raɗa wa abokiyar tafiyata cewa zan je in yi alwala, na fita. Na yi alwalar, na yi salla, sannan na tsaya a taga ina kallon mutane suna wucewa da jakunkuna, na daɗe. Da na dawo ana tafin rufewa ne.

Ranar Juma'a bayan masallaci ta kai mu Beltsville, wani shagon kayan abincin Afirka. Akwai garin rogo, manja, busasshen kifi, har da goro a firij. Mai shagon mutumin Maraɗi ne, da ya ji mu nas ne daga Kano sai ya ce, "Madam, lahiya lau kuka zo? Ku ne na lopital? Wallahi ku yi mini maganin ƙahwar ga." Lopital asibiti ke nan a bakinsu. Ya ɗage wando zai nuna mana gwiwa a tsakiyar shago. Da ya ji labarin kare, ya yi dariya ya ba abokiyar tafiyata kilishin da ake yi a nan Maryland, ta ɗanɗana ta ce Allah ya jiƙan nata.

Asabar da safe babu aji. Mai masaukinmu ta soya ƙosai ta dama kunun gyaɗa, muka zauna mu uku a teburin kicin. Abokiyar tafiyata ta buɗe baki ta shiga yabo, darasin shekaranjiya kaza, gidan nan kaza, wallahi kun huta. Ni kuwa na cika. A daidai lokacin saƙo ya shigo wayata daga Malama. Bikin ƙanwarta ake yi, ta turo mini hotonta ta ci ado, ta ɗaga hannuwa biyu tana nuna ƙunshi, tafin ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi, ga mata kewaye da ita.

Na san mai masaukinmu ba ta samu zuwa bikin ƙanwarta ba bara, ita ta faɗa mini, har idonta ya kawo ruwa. Da sanina na tura mata wayar ta saman tebur.

"Kin ga gida," na ce. "Ku nan sai aiki da sanyi. Yaushe rabonki da ƙunshi?"

Ta ɗauki wayar ta ƙura wa hoton ido. Fuskarta ta sauya, na ce a raina na same ta. Sai na ga ta sa yatsu biyu tana buɗe hoton, tana matsawa wajen kunne da wuya.

"Anti, wannan ba ita ce wadda aka yi wa dashen ba?"

"Ita ce. Kin ga yadda ta murmure a hannunmu."

"Har tafin ƙafa aka yi mata?"

"To ƙunshin biki ai ba a yin rabi."

Ta ajiye ƙosan da ke hannunta. "Anti, don Allah ki kira ta yanzu. Ki tambaye ta ko tafin hannunta yana mata zafi ko ƙaiƙayi, kuma yaya cikinta. A fata irin tamu jan ba ya fitowa, sai dai wurin ya yi duhu. Inda muke saurin gani shi ne tafin hannu da tafin ƙafa, can ne yake yawan farawa. Ga shi an rufe su. Kuma gefen kunnen nan bai yi mini ba."

Abokiyar tafiyata ta ce, a hankali, "Ai shi ne abin da ta yi bayani ranar Alhamis, bayan kin fita alwala."

Na danna kira. A Kano lokacin rana ta yi, Malama ta ɗauka tana dariya, kiɗa yana tashi a bayanta. Muka gaisa na tambaye ta.

"Kai Anti, ya aka yi kika sani? Ai tun kafin biki tafin hannuna da na ƙafata suke mini raɗaɗi kamar na taɓa barkono. Shi ne Gwaggo ta ce a ƙunsa mini lalle, yana sanyaya wuri."

"Cikinki fa?"

"Yana ɗan tsuga tun shekaranjiya. Abincin biki ne, kin san shi. Na ce ba zan dame ki kina tafiya ba."

Na dubi mai masaukinmu, ta rufe ido ta buɗe. Na ce wa Malama ta ɗauki jakar magungunanta ta tafi asibiti yanzu. Ta ce Anti gobe ne fa kai amarya, ita ce babbar ya, idan ba a gan ta ba za a yi magana. A nan na ɗauko muryar da nake korar 'yan dubiya da ita, na ce ta ba ni mijinta. Na gaya masa idan bai sa ta a mota ba kafin in sake kira, kada ya ƙara kawo mini ita. Ya ce to, Hajiya.

Daga nan na kira likitanmu. Mai masaukinmu ta tsaya a kafaɗata tana faɗa mini abin da zan ce, ina maimaitawa. A duba bayan kunne, wuya, da tsakanin yatsu inda lallen bai kama ba. A duba farin ido. A auna yawan abin da take fitarwa, kada a tsaya ga cewa gudawa ce kawai. A tuntuɓi likitocinta na Indiya kafin a taɓa maganinta. Ina faɗa likita yana cewa, "Lallai kwas ɗin nan ya karɓe ki, Sista." Ban gyara masa ba a lokacin. Kunun ya huce a kofi, babu wadda ta ƙara taɓa shi.

Kafin la'asar ɗinmu saƙo ya zo. An kwantar da ita. Likita ya ga tabon a bayan kunne da gefen wuya, ya yi magana da Indiya, sun yarda abin ne, an fara ba ta magani mai ƙarfi ta jijiya. Ya ce da an ƙara kwanaki ana jiran abincin biki ya sauka, da hanjin ya yi nisa.

Washegari bayan la'asar na same ta tana naɗe wankin yara. Na tsaya a ƙofa na ce ta maimaita mini darasin Alhamis tun daga farko. Ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ɗauko kwamfuta muka zauna, ta nuna mini hotunan koyarwa da ta daɗe tana tarawa na masu fata irin tamu, waɗanda ta nuna a aji ina can ina kallon taga. Idan na yi tambaya sai ta ce, "Yawwa Anti, tambaya mai kyau," irin yadda nake ce wa ɗalibai. Na haɗiye.

Sauran kwanakin a layin gaba na zauna. An kai mu yawo bakin kogi da wani gidan tarihi da ake shiga kyauta, na ga jiragen sama rataye a rufi, amma idona yana kan waya. Gudawar Malama ta ƙaru kafin ta ragu. Akwai ranar da abokan aikina suka ce ko ruwa ba ya zama a cikinta, mahaifiyarta tana kuka a baranda. Ranar ina tsaye gaban wani dutse da aka ce daga duniyar wata aka ɗauko shi, ban san ma na gan shi ba sai a hoton abokiyar tafiyata. Sai ana gobe za mu taho aka ce ta sha kunu ya zauna.

A filin jirgi mai masaukinmu ta sake durƙusawa. Na shirya dogon jawabin godiya tun a mota, amma abin da ya fito shi ne, "Allah ya yi miki albarka." Na faɗe shi da gaske, ko da yake ina faɗa ina kallon katin aikinta da ya leƙo daga jaka, da jerin haruffan da suke bin sunanta. Safar maigida a nan na saya, da tsadar da ba zan faɗa masa ba.

Mun sauka Abuja da hantsi, zafi ya yi mana maraba tun daga matakala. Washegari muka iso Kano, na ajiye jaka na yi wanka na wuce asibiti. Malama ta rame, kumatunta kuma sun ɗan kumbura saboda magani, amma tana zaune da kanta. Na wanke hannu na karɓi nata na juya. Lallen ya fara koɗewa, ƙarƙashinsa fatar tana saɓulewa kaɗan-kaɗan. Mahaifiyarta ta miƙe tana sa mini albarka, tana gaya wa kowa wai daga Amurka na hango ciwon a hoto. Na ce, "Ba ni ba ce, Hajiya, wata ɗalibata ce." Kun ji, ko a nan sai da na liƙa "ɗalibata".

Idan kun tambaye ni me na koyo, na koyo zazzaɓi da nauyi da hanta da tafin hannu, kuma na fara koya wa 'yan ɗakinmu duk ranar Laraba, babu mitfai babu hoto. Na koyo cewa shekarun aiki ba sa sabunta ilimi, sai an koma an zauna. Hassadar kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce ta tafi ba, har yanzu idan na tuna likitan nan mai farin gashi yana gyaɗa mata kai sai wani abu ya tokare ni. Amma abin da yake tayar mini da tsigar jiki daban ne. Ban nuna hoton nan don neman sani ba, don in ɓata mata rai na nuna shi. Da a safiyar nan zuciyata tana wanke, da na kalli ƙunshin na rubuta wa Malama "masha Allah" na mayar da wayar jaka. Ba na son ran wata ya sake rataya a kan irin wannan sa'a.

Jiya ina zagayen safe da ƙananan nas uku a bayana, yaran da ba su taɓa jin an tambaye ni abu na rasa amsa ba. Malama ta kalli hannuwanta, ta ɗago ta ce, "Anti, to yaushe zan sake yin ƙunshi? Ko shi ke nan har abada?"

Yaran suka zuba mini ido, biro a hannu.

"Ban sani ba," na ce. "Bari gari ya waye a Laurel in tambaya."